Yadda ɗalibi a Sakkwato zai mayar da wayarsa ta karatu, ko da data ba yawa kuma wuta ba ta tsayawa

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan karatu da waya an tsara su ne don mai wutar lantarki dare da rana da data marar yankewa. Ɗalibin Sakkwato ba haka yake ba. Ko yana Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, ko Jami'ar Jiha, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko kuwa yaro ne ɗan ajin ƙarshe na sakandare mai shirin JAMB, abin da ke hannunsa bai wuce waya Android mai ƙaramin memori, da datar 'yan ɗaruruwa, da batirin da zafin bazara ke zuƙewa kafin la'asar ba. Da wannan ɗin ma ana karatu, karatu mai kyau kuwa, in an riƙe dabara ɗaya: duk abin da za ka karanta, ka sauke shi a waya lokacin da data ke araha, sannan ka kashe data ka zauna ka karanta. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Fara da toshe hanyoyin da data ke zurarewa

Kafin ka sauke ko manhaja ɗaya, buɗe WhatsApp, ka shiga saitinsa, ka nemi wurin da aka rubuta Storage and data. A nan akwai zaɓin da ke sa hotuna da bidiyo su riƙa sauka da kansu. Cire alamar da ke kan dukkansu. Zauren aji ɗaya kawai, da wa'azin da ake turowa, da bidiyon biki, da hotunan barka da Juma'a, ya isa ya cinye datar mako ba ka buɗe ko ɗaya ba. Daga nan ka shiga Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu sai in kana kan Wi-Fi. Sai ka koma babban saitin wayar ka kunna Data Saver, wanda ke hana manhajoji shan data a ɓoye alhali wayar na cikin aljihu.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita lambobin kamfanonin waya, don haka kowane layi kake riƙe da shi, *312# ne na sayen data, *323# na duba abin da ya rage. Ka duba kafin ka fara sauke abu, ka sake dubawa bayan ka gama. Cikin mako guda za ka san nawa bidiyon minti ashirin ke ci a wayarka, kuma wannan ya fi maka duk wani ƙiyasin da wani zai faɗa.

Sai sharar memori. Manhajar Files ta Google tana nuna maka manyan fayiloli da waɗanda suka maimaitu, ka goge su. Wanda ke cewa “Malam, wayata ta cika, mi za ni yi?” galibi in ka duba za ka tarar bidiyon zaure ne ya danne komai. In da hali ka sayi katin memori na gaskiya daga shagon da ka sani, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi, kuma ranar da ya lalace da karatun samista guda yake tafiya.

Imel ɗaya naka na kanka, da ma'aji ɗaya

Wannan mataki shi aka fi rainawa, shi ya fi jawo kuka. Buɗe Gmail da hannunka, da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a takardunka, ka sa lambar wayarka a matsayin wadda za a dawo maka da shi in ka manta kalmar sirri. Rubuta kalmar sirrin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa. Kada ka bar mai kafe ya buɗe maka imel da lambarsa. Ba sai yana da mugun nufi ba: shekara biyu nan gaba za ka nemi shiga, shi kuwa ya canja layi ko ya bar gari.

Kowane asusun Google yana zuwa da ma'ajin gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa. Ya wadaci takardun karatu na shekaru in ba ka cika shi da hotuna ba. Cikin Drive ka buɗe fulda ɗaya ta samista, a cikinta kowane kwas da tasa fuldar da lambarsa. Duk handawut ɗin da shugaban aji ya tura zaure, ranar da ya turo ka mayar da shi can, ka canja masa suna zuwa abin da za ka gane, misali lambar kwas da mako da maudu'i. Fayil mai suna DOC da jerin lambobi ba za ka same shi ba daren jarrabawa. Sannan ka danna ɗigo uku da ke gefen fayil ɗin ka zaɓi Make available offline, domin ya buɗu ko babu sabis. Masu zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo wajen Dundaye sun san amfanin wannan: zaman mota daga cikin gari lokaci ne na bita ga wanda takardunsa ke cikin waya.

Amfani na biyu shi ne in waya ta ɓace ko aka sace ta. Ka ari wata, ka shiga imel ɗinka, karatunka na nan.

Manhajoji kaɗan, kowace da aikinta

Ina ganin ɗalibai na tara manhajojin karatu goma sha, su buɗe kowace sau ɗaya. Huɗu ko biyar sun isa.

Na farko, abin buɗe takardu. Adobe Acrobat Reader na buɗe PDF, yana barinka ka ja layi ka yi alama a shafi. In malamanku na turo Word da PowerPoint, WPS Office na buɗe su duka, sai dai tallace-tallacensa, waɗanda ke raguwa in data na kashe. Na biyu, ƙamus da ke aiki ba intanet, kamar WordWeb. A Google Translate kuma ana iya sauke Hausa da Ingilishi da Larabci a ajiye a waya. Yana taimakawa wajen kalma ɗaya ko gajeren jimla, amma kada ka miƙa masa sakin layi na kimiyya ka ɗauki abin da ya ba ka a matsayin gaskiya.

Na uku, bidiyon darasi. Khan Academy kyauta ce baki ɗaya, tana da ƙarfi a lissafi da fiziks da kemistare da bayoloji, kuma manhajarta na barin a sauke bidiyo a kalla daga baya. A YouTube ma bidiyoyi da yawa suna da maɓallin saukewa a ƙarƙashinsu. Zaɓi ingancin hoto na 360p. Rubutun allo na fitowa sarai a haka a ƙaramin fuskar waya, alhali 720p na ninka cin data ba tare da ƙarin fahimta ba. Ga 'yan firamare da sakandare akwai Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne kuma bisa tsarin karatun makarantun Nijeriya aka tsara shi. Akwai kuma uLesson, na kuɗi ne. Shawarata ita ce a fara da na kyauta, sai an ga yaro ya riƙe sa'annan uba ya sa kuɗinsa.

Littattafai kuwa, abu biyu ne ɗaliban jami'a da yawa ba su sani ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ta sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta na intanet, kowa na iya saukewa ko ba ɗalibinta ba ne. Malaman Nijeriya ne suka rubuta su, da misalan gida, kuma kwasa-kwasan shekarar farko sun yi kusa da abin da ake koyarwa a sauran jami'o'i. Sai OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka, cikakkun littattafan kimiyya da lissafi da tattalin arziki, kyauta kuma halal, ba na sata ba. Ɗaliban Larabci da addinin Musulunci su nemi Al-Maktabatus Shamila, manhajar da ta tattara littattafan Larabci, su sauke littattafan da malaminsu ya ambata kaɗai. Akwai kuma Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin waya. Kada ka sauke cikakkiyar ta Ingilishi, girmanta ya fi ƙarfin wayarka. Zaɓi ɓangaren da ya shafe ka, kamar likitanci ko kemistare, wanda ba hotuna.

Yanzu yaushe za a sauke duk wannan? Galibin kamfanonin waya suna da datar dare mai rahusa, daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Da rana ka rubuta jerin abin da kake so a takarda: bidiyo kaza, littafi kaza. Lokaci na yi ka saya, ka jera su suna sauka, ka ajiye wayar ka kwanta. Jerin nan shi ne kariyarka. Wanda ya sayi datar dare ba jeri, TikTok zai kai shi kiran sallar farko, ya wayi gari yana gyangyaɗi a lakca.

Kuma ba dole kowa ya sauke abu ɗaya ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki kwas guda ya sauke, washegari ku tura wa juna ta Xender ko Quick Share, waɗanda ba sa cin data ko kaɗan. Ga ɗalibai mata da ba su cika fita da yamma ba, minti goma tsakanin lakca da lakca ya isa a yi wannan musayar.

Takardar hannu da muryar malami

In ka ari littafin rubutun wani, kada ka ɗauki hoto talatin su watse cikin hotunan suna da biki. A manhajar Drive akwai alamar kamara ta yin sikan, Adobe Scan ma na yi. Shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, bakin taga ko ƙarƙashin bishiya, ka tsayar da wayar daidai samanta, ka lura kada inuwar hannunka ta faɗa kan rubutun. Ɗauki shafukan a jere, za su fito fayil ɗaya na PDF. In kuma hoto za ka tura wa wani a WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, domin in ka tura a matsayin hoto ana matse shi har ƙananan rubutu su dusashe.

Ɗaukar muryar malami yana da amfani ga wanda Ingilishin lakca ke yi wa sauri, amma sai da izini. Ka same shi bayan aji ka ce, “Malam, don Allah ko zan iya ɗaukar murya don bita?” In ya ce a'a, shi ke nan. In ya yarda, amanarsa ce a hannunka, ba a tura ta zaure. Murya ba ta cin memori kamar bidiyo, kuma 'yar'uwa mai aikin gida na iya sauraro da abin kunne tana wanke-wanke.

Bitar da ke sa karatu ya zauna

Nan ne zan daɗe, domin duk abin da ya gabata tarawa ne, kuma tara fayil ba karatu ba ne. Akwai manhaja mai suna AnkiDroid, kyauta a Android, tana aiki ba data. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tsarinta tun kafin ya gan ta: sabon karatu ana maimaita shi kullum, wanda ya zauna sai a riƙa waiwayarsa a tilawa lokaci-lokaci don kada ya zube. Haka take yi, sai dai ita ke riƙe maka lissafin wane karatu ne ya kusa zubewa yau.

Ga yadda za ka fara. Buɗe manhajar, danna alamar ƙari, ka buɗe rukuni da sunan kwas. Sake danna alamar ka ƙara kati. Kowane kati fuska biyu gare shi: tambaya a gaba, amsa a baya. A gaba ka rubuta, misali, “A wace shekara Turawan Ingila suka ci Sakkwato?” A baya ka sa 1903. Ko kuwa “Mene ne ma'aunin ƙarfi a fiziks?” amsa, Newton. Lokacin bita za ta nuna maka tambayar kaɗai. Ka amsa a ranka, ko a fili in kana kai kaɗai, sa'annan ka danna ka ga amsar. Maɓallai huɗu za su fito: Again in ka kasa, Hard in da ƙyar ka tuna, Good in ka tuna, Easy in ko tunani ba ka yi ba. Wanda ka kasa zai dawo cikin 'yan mintuna. Wanda ka sani zai tafi kwanaki, in ka sake saninsa ya tafi makonni.

Abu uku ke ɓata wa mutane wannan manhaja. Na ɗaya, cusa sakin layi guda a kati. Kati ɗaya, tambaya ɗaya, amsa gajera. In ma'anar abu na da sassa huɗu, yi kati huɗu. Na biyu, yaudarar kai, wato danna Good alhali sai da ka leƙa amsa ka ce ai na sani. Ba mai ganinka, amma takardar jarrabawa za ta tona. Na uku, tsallake kwanaki. Manhajar na zuwa da saitin sababbin katuna ashirin a rana, kuma ga mai farawa sun yi yawa, domin kowanne zai dawo bita. Rage su zuwa goma. In ka bar ta mako guda za ka tarar da ɗaruruwa na jiranka, gwiwarka ta yi sanyi.

Katunan da ka rubuta da kanka daga lakcar ranar sun fi waɗanda za ka sauke na wani, saboda wajen rubuta tambayar ne kake gane ko ka fahimta. Ba laifi ka rubuta tambaya da Ingilishi ka ƙara ɗan bayani da Hausa a baya. Gboard na da allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, ka ƙara shi a saitin harsuna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi, minti ashirin, wayar a yanayin jirgin sama. Lissafi da duk kwas mai aikin warwarewa kuwa, kati bai isa ba, sai biro da takarda.

ChatGPT da 'yan'uwansa

Waɗannan manhajoji da kake rubuta wa tambaya su rubuto maka amsa suna da amfani in ka ɗauke su a matsayin mai ƙarin bayani. Kwafi sakin layin da ya gagare ka, ka ce a bayyana maka da Ingilishi mai sauƙi da misali. Ko ka ba shi shafi ka ce ya yi maka tambayoyi goma, ka amsa, ya duba. Rubutu ne kawai, datar da yake ci kaɗan ce.

Amma ka sani yana faɗin kuskure da irin muryar da yake faɗin daidai. Yana ƙago sunan littafi da marubuci da lambar shafi da ba su wanzu ba, kuma ya fi yin haka a tarihinmu da adabin Hausa da nassoshin addini. Kada ka ɗauki aya ko hadisi ko hukunci daga gare shi sai ka gani a littafi ko ka tambayi malami. Ba shi aikin gida ko kundin kammala karatu ya rubuta maka kuwa ha'inci ne, kuma ranar kare kundi kai za a tsayar gaban malamai.

Batir da zafin Sakkwato

Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan na wuce digiri 40, batirin waya kuwa ba abin da ke kashe shi kamar zafi. Kada ka yi caji wayar na ƙarƙashin matashi ko cikin jaka. Cire mata riga, ka ɗora ta a siminti ko tayil a inuwa. Kada ka kalli bidiyo tana caji da tsakar rana. In ka ga bayanta ya fara kumbura, daina amfani da ita ka kai a canja batir. Lokacin hunturu kuma ƙura ke cika ramin caji har ka zaci caja ce ta mutu. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali ka fito da ƙurar, ban da allura ko wani ƙarfe.

Rage hasken fuska da kashe data suna ƙara wa batir awanni, wanda wani dalili ne na karatu ba intanet. In za ka kai wa mai caji, sa mata makulli tukuna, ka karɓi lambarka. Wanda zai iya, fawa bank ko ƙaramar fitilar sola mai ramin caji ta fi masa biyan kuɗin caji kullum.

Ga masu shirin JAMB

Tun 2015 ake yin jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗayan darussa ukun da ka zaɓa, jimillar maki 400. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Don haka duk manhajar tsofaffin tambayoyi da za ka yi amfani da ita, zaɓi wadda ke sa agogo kuma take aiki ba data, ka riƙa yin cikakkiyar jarrabawa a zama ɗaya, ba tashi. Amsoshin irin waɗannan manhajoji na zuwa da kurakurai, saboda haka duk amsar da ba ta kwanta maka ba ka duba littafi ko ka kai wa malaminka. Manhajar karatun kowane darasi, wato silabas, na nan kyauta a shafin JAMB, ka sauke ta ka riƙa yi wa abin da ka gama alama.

Wajen rajista ana buƙatar lambar NIN, kuma ana tura ta ne ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 a karɓi lambar da za a yi rajista da ita. Layin da ka tura da shi ya zama naka, wanda ba za ka yar ba, domin da shi za ka duba sakamako. Rajistar kuma a cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai ake yi. Duk wanda ya ce a WhatsApp ko Telegram yana da tambayoyin bana, ko zai ƙara maka maki in ka tura kuɗi, ɗan damfara ne. Kada ka ba shi kuɗi, kada ka ba shi lambar rajistarka.

Abu na ƙarshe waya ba za ta yi maka shi ba. Yaron da ya saba da taɓa fuska da yatsa, ranar jarrabawa allon maɓallai da linzami zai tarar, kuma ba a shiga da waya ko agogo. Kafin ranar ka je kafe ko ɗakin kwamfutar makarantarku ka zauna gaban kwamfuta ta gaske sau da dama. Koyi maɓallan da ake amfani da su: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa jarrabawa in ka gama. In kana da halin biyan jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske, ka nuna kana so tun wajen rajista, domin a lokacin ake zaɓa.